Karɓe Mabuɗi Daga Wanda Ya Bar Gida

A al'adar karkarar arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Kunci, idan aka sallami mai tsaron rumbu, abu na farko shi ne a karɓe mabuɗi daga hannunsa. Wannan hikima ba ta bi mutane zuwa ɗakin kwamfuta ba. Makarantu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin manoma suna ajiye bayanai a uwar garke, amma sau da yawa ma'aikaci yakan bar aiki alhali sunansa da kalmar sirrinsa suna nan daram.

Babban dalilin wannan sakaci shi ne tsoro. Masu kula da na'urar sun ɗauka cewa duk sauyi sai an kashe ta an sake kunnawa, kuma inda wuta ke wasan ɓuya, masanin gyara kuma yana Birni, ba mai son taɓa abin da ke aiki lami lafiya.

Gaskiyar lamari ta fi haka sauƙi. Manhajoji da dama suna karanta fayil ɗin sunaye da kalmomin sirri a lokacin tashi, su riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Saboda haka goge suna daga fayil bai wadatar ba, sai an umarci manhajar ta sake karantawa. A tsarin Linux ana yin haka daga layin umarni, ta hanyar aika mata siginar SIGHUP. Asalin wannan sigina a tsarin Unix sanarwa ce cewa layin waya ya katse, daga baya aka mayar da ita alamar sake karanta saituna. Manhajar Mosquitto, wadda ke karɓar saƙonnin ƙananan na'urori irin masu auna damshin ƙasa, tana sabunta fayil ɗinta da wannan sigina ba tare da ta tsaya ba.

Masu adawa sukan ce layin umarni wuƙa ce mai kaifi, kuskuren harafi ɗaya na iya kulle kowa a waje. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma maganinta horo ne: a kwafi tsohon fayil kafin gyara, a gwada shiga bayan sabuntawa, a kuma tabbatar wanda aka cire ba ya ciki har yanzu.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, ba ta ware ƙauye ba. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta su koyar da wannan aiki, sassan Hausa na jami'o'i kuma su rubuta jagoransa da harshen da ma'aikacin karkara yake tunani da shi. Ranar da mutum ya ajiye aiki, a ranar ya dace a cire sunansa.