Gaya: na'urar eko ba ta masu juna biyu kaɗai ba ce

A Gaya, da an ambaci eko, wato abin da 'yan Najeriya ke kira sikanin, hankali sai ya tafi kan mai ciki. Shi kuwa mai ciwon gaɓɓai, hanyarsa sananniya ce: ƙwayar rage zafi daga mai talla, mai na shafawa, in abu ya ci tura a ce sanyi ne.

Matsalar ita ce wasu cututtukan kumburin gaɓɓai ba a gaɓa suke tsayawa ba. Lupus kan tara ruwa a jikin zuciya ko huhu. Amosanin gaɓɓai kan taɓa huhu a ɓoye. Mafi muni a ƙasashenmu shi ne zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara: gwiwa ta kumbura, ta sace, iyaye su ce an warke, alhali ƙofofin zuciya na lalacewa. Sai bayan shekaru, sau da yawa a cikin fari, yarinya ta kasa numfashi.

Na'urar eko na iya gano wannan tun da wuri. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya gano masu wannan ciwon zuciya kusan ninki goma na waɗanda sauraron ƙirji kaɗai ya nuna. Maganin hana shi ci gaba kuma ba mai tsada ba ne: allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan cutar.

Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, ƙetarawa Malanville ta gada kuma ta zama wahala tun da aka rufe iyaka a 2023. Ba kowane gida ke iya wannan tafiya ba.

Gaskiya ne na'ura ba ta karanta kanta, kuma hoton zuciya ba irin na ciki ba ne. Shi ya sa abin da ya kamata hukumomin lafiya na jihar Dosso su fara sa wa kuɗi shi ne horo: a koya wa likitocin gunduma duba zuciya da huhu, a haɗa su da ƙwararru a Yamai da za su riƙa tantance hotunan ta waya.

'Yan ci-rani da ke turo kuɗin magani duk wata su ma suna da abin yi. In aka ce ƙanwa na fama da gwiwa da haki, su tambaya ko an duba zuciyarta.