Ciniki ta waya, kaya a kan iyaka: Wa ke ɗaukar asarar hanya?

A 'yan shekarun nan wani sabon salon ciniki ya shigo kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni har zuwa Jibiya, Maraɗi, Mai'aduwa da Maigatari. Yaron shago zai ɗauki hoton shadda ko takalmi ko turare ya ɗora a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar wani daga Damagaram ko Kaduna ya ce a aiko masa. A shirye-shiryenmu na rediyo muna yawan jin ta bakin matasa da matan aure da suka fara wannan sana'a, kuma kukan mafi yawansu ɗaya ne: yadda kaya zai isa hannun mai shi lafiya, a kan lokaci, ba tare da kuɗin hanya ya cinye ribar ba.

Manyan kasuwannin intanet suna da tsarinsu. A Jumia, wadda aka kafa a Legas a 2012, idan oda ta shigo mai sayarwa zai ɗaure kayan, ya manna takardar odar, ya kai wurin karɓar kaya na kamfanin cikin wa'adin da aka ba shi. Kamfanin ne zai kai wa mai saye, ya cire la'adarsa, sannan ya biya. To sai dai wannan tsari a cikin ƙasa yake tsayawa. Jumia ba ta da reshe a Nijar, a Kamaru ma ta rufe harkokinta tun 2019. Ita kuwa Jiji, haɗa mai saye da mai sayarwa take yi, sauran ya rage gare su. Saboda haka ɗan kasuwar kan iyaka, wanda rabin abokan cinikinsa suna tsallake, dole tasha zai koma.

Kamar yadda kowa ya sani, a tasha direba ake ba saƙo, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwali, a biya kuɗin mota, a sallami ɗan kamasho. A Nijar kamfanonin bas irin su Rimbo suna karɓar saƙo su ba da rasit, wanda hakan ya fi tsari. Hanyar tasha tana da sauri da arha, amma abin da ke riƙe da ita amana ce kawai. Idan kwali ya jiƙe, ko kwalbar turare ta fashe, ko aka sauke saƙon a garin da ba nasa ba, ba wata takarda da za ta ce ga wanda zai biya. Tsohon ɗan kasuwa ya san direbobinsa shekara da shekaru. Sabon shiga kuwa duk motar da ta cika ita yake bai wa, har ma wani bai karɓi lambar motar ba, balle ya ɗauki hoton kayan kafin a ɗaure.

Wannan a cikin ƙasa ke nan. Da zarar kaya zai tsallaka, siyasa ta shigo cikin ciniki. Idan mai karatu bai manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar, sai a watan Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe. Daga nan Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a watan Maris na shekarar suka sanar da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashensu uku. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma cikin shekara biyar an rufe hanyar sau biyu, kowane karo na watanni masu yawa. Duk wanda ya yi wa mai saye alkawarin "jibi kayanka na hannunka" ya tuna cewa ba shi ke riƙe da makullin ƙofar ba.

Bugu da ƙari, akwai kayan da doka ta hana. Najeriya ta hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa tun 2016, gwanjo ma yana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta. Nijar kuma a watan Oktoban 2024 ta hana fitar da gero, dawa, masara, wake da shinkafa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Wani zai ce ai shi atamfa turmi biyu kawai ya aika. Haka ne, amma ƙunshinsa ba shi kaɗai ke cikin motar ba. Idan kwastan ko duwan suka samu haramtaccen kaya a ƙarƙashin kujera, motar gaba ɗaya ake tsarewa, turmi biyun ma su kwana a can. Shi ya sa arhar 'yan fito da ke bin ɓarauniyar hanya ba ta dace da mai son a sake dawo masa da ciniki ba.

Sai batun kuɗi, wanda a ganinmu nan ne sabon shiga ya fi yin asara ba tare da ya lura ba. Sefa a ɗaure take da Yuro, kusan 656 kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗo daga wajen 460 kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A daidai lokacin ne kuma aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi bayanta. A ce mutum ya sayar da kayan naira 20,000 yana sa ran ribar 3,000. Ya biya ɗan dako, ya biya mota, an yanki wani abu a shinge, ɗan canji ya ɗauki nasa wajen mayar da jika zuwa naira. In bai lissafa waɗannan tun kafin ya faɗi farashi ba, wahalar banza ya yi. Ga shi OPay da Moniepoint da suka yaɗu a Najeriya bayan ƙarancin takardun naira na 2023, da Nita da Amana da ake amfani da su a Nijar, kowanne da irin kuɗin da yake aiki da shi, don haka har yanzu ɗan canji ne gadar. Game da alat na bogi kuwa, hoton rasit ba kuɗi ba ne, a duba asusu kafin kaya ya bar shago.

Masu saye da yawa suna son sai kaya ya iso su biya, tunda an sha damfarar su. Muna fahimtar uzurinsu. Amma abin da babban kamfani zai iya jurewa, mai jarin naira dubu ɗari ba zai iya ba, domin idan mai saye a Tawa ya ce launin bai yi masa ba, kuɗin zuwa da na dawowa duk a wuyan mai sayarwa suke, kuma kayan sai ya sake ratsa shingayen da ya wuce. Mafita ita ce kafin alƙalami, aƙalla wanda zai rufe kuɗin hanya, tare da yarjejeniya a rubuce ko a muryar WhatsApp: da wane kuɗi aka yi ciniki, wa zai biya mota, wa zai ɗauki asara idan kaya ya ɓata ko aka tsare shi.

Fataken da ba su taɓa aika kaya garin da ba su da mai masauki ba. Shi ke karɓar kaya, shi ke tsaya wa baƙo, shi ke karɓo kuɗi, a ba shi la'adarsa. Masu sayarwa biyar ko goma na Jibiya za su iya haɗa odarsu ta mako su ba direba ɗaya sananne, su sami wakili ɗaya mai shago a Maraɗi, inda mai saye zai je ya duba kayansa ya cika sauran kuɗi. Haka 'yan Ƙonni za su yi a Sakkwato. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi na ɓangarorin biyu sun riga sun san juna, abin da ya rage shi ne su buɗe littafin rajistar saƙo a kowace tasha, mai ɗauke da sunan direba, lambar mota, irin kaya da ƙimarsa.