Haƙori Ɗaya, Lamba Uku

A wannan wata za mu leƙa wani zaure ne wanda ba namu ba, wato zauren likitocin haƙori, mu ji abin da ke cinye musu lokaci in sun haɗu a manyan tarurrukansu. Wataƙila wani ya ce ina ruwan biri da gada. To, da ruwanmu ƙwarai, domin bakin da suke shawara a kansa namu ne da na 'ya'yanmu.

Babbar ƙungiyarsu ta duniya, wadda ake kira FDI a taƙaice, an kafa ta ne a birnin Paris a shekarar 1900 bisa jagorancin wani likita Bafaranshe, Charles Godon, yanzu kuwa hedikwatarta tana Janeba. Kowace shekara takan kira babban taro a wata ƙasa. Mai kallo daga nesa zai zaci ba abin da ake yi a wurin sai nunin sababbin injuna da cin abinci a otal. Ana yin wannan kam, amma akwai wani aiki marar armashi da ya daɗe yana ba su wahala, shi ne yadda za a yi likitan Kumasi da na Lome da na Landan su kira haƙori ɗaya da suna ɗaya.

Baligi yana da haƙora 32 in sun cika, likita kuwa ba zai tsaya rubuta "turmi na biyu na ƙasa ta hannun hagu" a kan katin kowane majinyaci ba, sai ya sa lamba. A nan gizo ke saƙa, domin hanyoyin sa lambar da suka shahara uku ne.

Wadda ta fi tsufa ita ce ta Adolf Zsigmondy, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito da ita a 1861. Wani Ba'amurke mai suna Corydon Palmer ya zo da irinta a 1870, shi ya sa sunansa ya bi ta. A wannan hanya akan ƙirga daga haƙorin gaba zuwa turmin ƙarshe, 1 zuwa 8, sa'an nan a zana wata 'yar kusurwa a jikin lambar don a nuna sama ne ko ƙasa, dama ko hagu. Har yau likitoci da yawa a Ingila da ita suke aiki. Aibinta shi ne wannan 'yar kusurwa: da alƙalami tana da sauƙi, amma tafireta ba ta da ita, kuma ba a iya faɗinta a waya.

Amurkawa su kuma suka bi tasu hanyar, wadda ƙungiyar likitocin haƙorinsu ta amince da ita a 1968. Su sukan fara ne daga turmin ƙarshe na sama ta dama, su ce 1, su zagaya har 16 a ƙarshen hagu, su sauko ƙasa ta hagu su ce 17, su dawo har 32 a ƙarshen dama. Sunan da suka ba ta ma'anarsa "ta duniya duka", alhali kuwa in ka fita daga Amurka da wuya ka sami mai bin ta. Wannan kuwa halinsu ne da muka sani tun a wajen awon mil da galan.

Ta ukun ita ce wadda FDI ta karɓa a taronta na birnin Bukares, a ƙasar Romaniya, a 1970, bisa shawarar Dokta Viohl na Balin. Mu dai a ganinmu ita ce mai hankali a cikinsu. An raba baki unguwa huɗu: sama ta dama 1, sama ta hagu 2, ƙasa ta hagu 3, ƙasa ta dama 4. Kowane haƙori yana da lamba biyu, ta farko unguwarsa, ta biyu lambar gidansa in an ƙirgo daga gaba. Saboda haka 11 shi ne haƙorin gaba na sama ta dama, 48 kuwa turmin ƙarshe na ƙasa ta dama, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma. Ba a karanta ta "goma sha ɗaya", sai "ɗaya, ɗaya". Dama da hagun kuma na majinyaci ne, ba na likitan da ke fuskantarsa ba. Haƙoran yara guda 20 an ba su unguwa 5 zuwa 8, don haka uban da ya ga 55 a katin ɗansa kada ya firgita, yaron bai yi haƙora hamsin da biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da wannan hanya take aiki, haka ma hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wadda ta ba ta lamba ISO 3950.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Mun zauna mun jera lambobin Amurka da na FDI gefe da gefe kamar yadda muke sa yara su yi a darasin lissafi. Lambobi 18 ne suka fito a duka biyun: 11 zuwa 18, da 21 zuwa 28, da 31 da 32. A cikin goma sha takwas ɗin nan babu ko ɗaya da ke nufin haƙori iri ɗaya a hanyoyin biyu. Lamba 11 da muka ce haƙorin gaba ne ta dama, a wurin Ba'amurke fiƙa ce ta sama ta hagu. Lamba 18 a FDI turmin ƙarshe ne na sama ta dama, a Amurka kuwa turmi na biyu ne na ƙasa ta hagu. Wato in takarda ta ce a cire 18, mai karatun kuma bai tambayi wanda ya rubuta ba, ana iya raba mutum da lafiyayyen haƙori, mai ciwon yana nan daram. Haƙorin baligi kuwa in ya fita ya fita ke nan, sai giɓi.

Wa ya fi mu mutanen zango yawo da takardun asibiti daga ƙasa zuwa ƙasa? Wane gida ne a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo babu mai ɗa ko ƙane a Bronx ko Landan ko Hambug? Tsoho ya je ziyara wajen ɗansa a Niyok, a ɗauki hoton haƙoransa, a rubuta masa takarda, ya ga tsadar aikin ya ce bari sai ya dawo gida a yi masa. 'Yan kasuwarmu kuma yau suna Lome, gobe Wagadugu, jibi Abijan ko Kano, inda ciwo ya kama su nan suke shiga asibiti. Likita mai lura ba zai taɓa haƙori ba sai ya duba bakin da kansa, wannan gaskiya ne, kuma yawancinsu haka suke yi. Amma asibitin gwamnati da layi ya kai bakin ƙofa ba wurin da za mu dogara da sa'a ba ne. Abin da muke roƙon mai karatu ba shi da wuya: in an ba ka takarda a wata ƙasa, ka ce a rubuta sunan haƙorin da kalmomi a gefen lambar, in ka zauna a kujerar likita kuma ka sa yatsa ka nuna masa, ka ji ya maimaita kafin allura ta shiga.

Su likitocin ba a bar su haka ba. A nan Gana, Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ba ta sabunta wa likita lasin aikinsa sai ya nuna ya ƙaro ilimi, ta hanyar halartar tarurruka da kwasa-kwasan da aka amince da su. A Ingila doka ta ce likitan haƙori ya cika awa 100 a cikin shekara biyar. A Amurka kowace jiha da nata adadin. Abin dariya, shi kansa wannan ƙarin ilimi ba su haɗu a kan sunansa ba: mu da Ingila CPD muke cewa, Amurka CE, Faransa DPC, wasu suna ƙirga awa, wasu suna ƙirga maki. Mu malaman makaranta da muka sha zaman kwas a lokacin hutu mun san yadda takardar shaida kan zama abin nema fiye da karatun. Duk da haka ba mu ga abin da zai maye gurbinsa ba, ga kuma dalili.

A 2017 masanan ciwon dasashi na Amurka da na Turai suka yi taro a Shikago, suka sake fasalin sunayen cututtukan dasashi, aka buga sakamakon a 2018. Tsarin da ake bi tun 1999 ya raba babbar cutar da ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙori gida biyu, mai tafiya a hankali da mai gaggawa. Sabon tsari ya ce cuta ɗaya ce, sai dai a faɗi matakin da ta kai, 1 zuwa 4, da kuma saurin da take yi, A ko B ko C, ana la'akari da shan taba da ciwon sukari. Likitan da ya gama makaranta kafin wannan lokaci, in bai koma ya zauna a benci ba, takardar da ƙaramin likita ɗan Korle Bu zai aiko masa za ta zame masa baƙon harshe. Ashe ke nan rabin ƙarin ilimin nan koyon sababbin sunaye ne.

To, amma duk wannan daidaitawa a bakin ƙofar ofishin likita take tsayawa. Da zarar tsohuwa daga zango ta zauna a kujera, likita yana Turanci ko Tiwi, jikanta ɗan aji shida yana fassara, sai a koma gidan jiya. Ba wai Hausa ba ta da kalmomin ba ne. Muna da haƙoran gaba, da fiƙa, da turame, da dasashi, da ganɗa, da muƙamuƙi. Mun bambanta wushirya, wadda ado ce, da giɓi, wanda hasara ne. Muna da famfara. Abin da muka rasa shi ne zama a yarda a kan wadda za a riƙa faɗa a rediyo da makaranta da asibiti. Mutanen Sakkwato da Nijar ma haure suke cewa inda mu muke cewa haƙori, yaranmu na birni kuwa rabin kalmomin nan ba su taɓa jin su ba.

Suna kuma yakan ja magani. Muddin muna cewa tsutsa ce ta ci haƙori, mai hayaƙin fitar da tsutsa ba zai rasa ciniki a bakin kasuwa ba. Babu tsutsa ko ɗaya a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da wani tsami mai narkar da bayansa har ya yi kogo. In muka saba da cewa kogon haƙori ko ruɓewar haƙori, uwa za ta fi saurin kallon alawa da lemon kwalba da yaro ke sha da ido na zargi.

Misalin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na cutar da likitoci ke kira noma. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta cinyewa, domin cuta ce da ke farawa da gyambo a dasashin yaro mai fama da yunwa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu ta ci fuska. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da tsabtar baki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Amma ka tsaya a gaban Bahaushe ka ce masa ya yi hattara da noma, me zai ji in ba fartanya da gona ba? A wasu ƙauyuka kuma ciwon iska ake ce mata, sunan da ke nuna wa iyaye hanyar gidan boka maimakon asibiti, a cutar da kwana uku ma jinkiri ne. Likitocin duniya sun yarda a kan sunansu, mu da abin ke kashe wa yara ba mu yarda a kan namu ba.

Shawararmu ga Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Gana ita ce, in za ta shirya taro, ta keɓe zama guda don harsunan da majinyata ke ji, Hausa da Tiwi da Dagbanci da sauransu, a kuma ƙirga wa likita wannan zama a cikin makin ƙarin iliminsa kamar kowane darasi. Mu kuma namu aikin ba sai mun jira su ba. Malaman makaranta da masu shirin Hausa a gidajen rediyo da 'ya'yanmu ma'aikatan jinya za su iya zama wuni ɗaya su fitar da kalmomi talatin ko arba'in, a buga a wannan shafi, wanda ke da gyara ya aiko.

Mu ga tamu gudunmawar ta farko: turmin shekara shida. Haƙori ne da ke fitowa a can bayan haƙoran yaro yana wajen shekara shida, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke zaton na famfara ne, in ya yi kogo su ce a bar shi ai zai fita wani ya tsiro. Ba wanda zai tsiro, na dindindin ne. Guda huɗu ne, kuma a katin asibiti za ku gan su da lamba 16 da 26 da 36 da 46. Mai yaro a aji ɗaya ko aji biyu ya sa shi ya buɗe baki a hasken rana ya duba su.

Sai mun ji daga gare ku a wata mai zuwa.