Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa a waya ko kwamfuta ya san takaicin ganin harafin ƙ ko ɗ ya rikiɗe ya koma ɗan akwati, ko manhaja ta fassara umarni da Hausar da babu Bahaushen da ke yin irinta. Mun saba da tsaki da ƙorafi. Wanda ya fi himma a cikinmu shi ne ya aika wa masu manhajar rahoto, sannan ya naɗe hannu yana jira. Ra'ayin wannan jarida shi ne lokaci ya yi da za mu wuce nan.

Kaso mai yawa na manhajojin da duniya ke tafiya a kansu buɗaɗɗu ne, wato kowa na da ikon karanta rubutun da aka gina su da shi, ya kuma miƙa gyara. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce ginshiƙin Android da ke aljihun mai sayar da shanu a kasuwar Mubi. Amma galibin irin waɗannan ayyuka 'yan sa kai ne ke riƙe da su. A Disamban 2021, da aka gano ɓaraka a Log4j, manyan kamfanoni da gwamnatoci sun shiga ruɗani, alhali mutane ƙalilan ne, mafi yawansu ba a biyan su, suka hana idonsu barci suna toshe ta. Mai irin wannan nauyi a Jamus ko Amurka ba zai fifita matsalar harafin ɓ ba, domin bai ma san ana yi ba.

Wannan aikin gayya ne, kuma ba a zuwa gayya don nuna wa mutane inda ciyawa take. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko na Jami'ar Jihar Adamawa, wanda ke haya a Nassarawo, idan ya iya gano kuskure kuma ya bayyana yadda yake faruwa, ya riga ya ci rabin tafiya. Saura ya nemo layin da ya lalace, ya yi masa faci, ya miƙa ta GitHub. Wanda bai kai nan ba yana iya gyara fassara, ko ya ba da muryarsa a Common Voice na Mozilla, ko ya sanya titunan unguwarsa a OpenStreetMap.

Ba mu manta da tsadar data da ƙarancin wutar lantarki ba, haka kuma da tsoron kada a yi wa sabon shiga dariya. Shi ya sa nauyin bai tsaya kan ɗalibi kaɗai ba. Muna kira ga makarantun biyu su riƙa ba da maki kan gyaran da aka karɓa a manhaja ta gaske, maimakon kundin kammala karatu da ke ƙarewa cikin ƙura. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma ya dace ya auna ɗalibansa da wannan ma'auni. Su kuma waɗanda suka yi nisa, su karɓi gyaran ƙannensu da haƙuri, su nuna musu inda suka kauce.

Gyaran da aka karɓa yana nan da sunan mai shi, kuma mai ɗaukar ma'aikata a Legas ko Nairobi zai iya duba shi ba tare da ya tambayi ɗan wane ne ba.