Firijin rigakafi a Magarya da Dungas: wa zai ji ƙararrawa idan rezo ya ɗauke?

Tsakanin 1 ga Nuwamban 2022 da 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Gundumar Dungas kaɗai ta ɗauki 342, Magarya kuma 38. Duk lokacin da irin wannan annoba ta taso, magana kan tsaya ne a kan allura nawa aka kawo. Ba a cika tambayar halin da allurar ta kwana a firiji kafin ta kai ga hannun yaro ba.

Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8. A yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da firijin mai aiki da hasken rana ne. Shi ya sa ake saka ƙaramar na'urar auna sanyi a ciki. Wadda aka fi sani tana riƙe lissafin kwana 30, sai ma'aikaci ya leƙa ya karanta. Sababbin suna da layin salula, suna tura lissafin ta intanet, su aika saƙo idan an samu matsala.

Ƙa'idar da hukumar ta gindaya ba a ɓoye take ba: ƙararrawar zafi tana tashi idan firiji ya wuce digiri 8 na tsawon awa 10 a jere, ta sanyi kuma idan ya sauka ƙasa da rabin digiri a ƙarƙashin sifili na tsawon minti 60. Tazarar tana da dalili. Zafi yana cin ƙarfin allura sannu a hankali, kuma tambarin da ke jikin kwalba yana canza launi ya tona asiri. Daskarewa kuwa tana lalata allurar Penta da ta tetanus nan take, tambarin bai nuna komai, sai a yi wa yaro allurar da ba ta da amfani, uwa ta koma gida da katinta a cike.

To amma wannan iyakar ta shaida ce cewa ɓarna ta riga ta kusa ko ta auku. Wanda ya saita saƙon waya a kan awa 10 ɗin, ya saita wa kansa labarin rasuwa ne. Kamata ya yi gargaɗin farko ya fita tun da sauran lokacin kwashe allurai zuwa akwatin ƙanƙara. Sai dai idan aka matse iyakar da yawa, wayar majo za ta riƙa ƙara duk lokacin da aka buɗe firiji ranar awo, cikin mako biyu ya daina dubawa. Duk mai rukunin WhatsApp na dangi ya san yadda hakan ke faruwa.

Inda na fi ganin haɗari shi ne shiru. Na'urar da batirinta ya mutu, ko kuɗin layinta ya ƙare, ko eriyar garin ta tsaya, ba ta aika komai, kuma a allon ofishin gunduma wannan shirun ya yi kama da lafiya lau. Mun ga misali a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin. A irin wannan hali firijin da ke kan layin Nigelec da hanyar da zai kai kukansa suna iya faɗuwa a dare ɗaya. Ga kuma matsalar bakin iyaka, inda waya kan bar layin Airtel, Moov ko Zamani ta kama na Najeriya ba tare da mai ita ya lura ba.

Maganin wannan a wajen masu kula da kwamfutoci tsohon abu ne: a sa na'ura ta riƙa cewa tana raye a kan lokaci, idan ta tsallake sau biyu ko uku, rashin jin ta ɗin ya zama ƙararrawa. Sannan a jera masu karɓa. Majo tukuna, idan bai amsa ba cikin awa guda, jami'in rigakafi na gunduma, bayansa mai gyara. A duba lambobin duk lokacin da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, domin saƙon da ke zuwa wayar wanda aka mayar Tanout tun bara bai ceci kwalba ko ɗaya a Dungas ba.

Ƙungiyoyin 'yan Magarya da Dungas mazauna Yamai, Kano ko Agadas kan haɗa kuɗi su saya wa asibitin garinsu firiji ko faifan sola. Kafin a biya, su tambayi mai kawo kayan abu uku a rubuce: wa zai riƙa biyan kuɗin layin na'urar bayan shekarar farko, lambar wa aka saka, kuma awa nawa na shiru ake jira kafin a kira wani. Sanƙarau dai yakan dawo ne da iskar hunturu, daga Disamba zuwa Yuni.