Ko Ƙattin Dinoso Masu Farauta Sun Yi Gashin Tsuntsu?

Shekara da shekaru masu zane suna nuna Tiranosoras da fata mai kaushi irin ta kada. Shi ne ƙasurgumin dabban nan mai cin nama da ya zauna a Amurka ta Arewa, ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tsawonsa kamar ƙafa 40. To, amma yanzu masana suna gardama a kan wannan kama tasa, kuma asalin gardamar maganar zumunta ce.

Tun cikin 1868 wani Bature mai suna Thomas Huxley ya lura ƙasusuwan tsuntsaye sun yi kama da na waɗansu dinoso. Yau galibin masana sun yarda tsuntsaye jikokinsu ne, watau jimina da zakara dangin Tiranosoras ne na nesa. Cikin 1996 aka tono wani ƙaramin dinoso a lardin Liaoning na ƙasar Sin, da shatin gashi a jikin dutsen. Cikin 2004 aka bayyana Dilong, wanda yake daga zuriyar Tiranosoras ɗin kansa, shi ma da gashi. Masu musu suka ce ai waɗannan ƙanana ne. Sai ga Yutiranas cikin 2012, tsawonsa ƙafa 30, nauyinsa ya haura tan ɗaya, da gashi zara-zara kamar zare.

Hujjar kuwa ita ce, abin da dangi na kusa suka yi tarayya a kai, daga kaka guda suka gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai gado yakan salwanta. Kakannin giwa masu gashi ne, amma ita kusan tsirara take, domin babban jiki yana riƙe zafi, bargo sai ya zame masa wahala. Yutiranas a ƙasa mai sanyi ya zauna, kuma ya riga Tiranosoras da shekara wajen miliyan 60, lokacin da ya isa zuriya ta tuɓe rigarta.

Cikin 2017 Phil Bell da abokan aikinsa suka duba shatin fatar Tiranosoras daga wuya da kwankwaso da wutsiya, suka tarar ɓawo ne ƙanana-ƙanana, babu gashi. Wannan shaida ta fi ƙiyasin zumunta nauyi, gama daga jikin dabban kansa ta fito. Amma guntayen fatar 'yan mitsi-mitsi ne, ba su rufe gadon baya ba, inda gashin zai iya maƙalewa kamar gezar doki.