Kashin shanu ba ya wanke guba daga gonar shinkafa

Jama'a, sau uku ke nan ana turo min wani rubutu a WhatsApp, wai duk gonar shinkafar da guba ta shiga, ka lafta mata kashin shanu da ɗanyen kara, shi ke nan ta warke. Na yi shiru a na farko da na biyu, yau kam sai na tanka, don shinkafar nan 'ya'yanmu ne ke ci.

Gubar da ake magana a kai sunanta asenik. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don a raba mutane da ruwan kududdufi, sai a 1993 aka gano ruwan ƙasan ɗauke yake da ita. Sun sha, sun kuma yi noman rani da shi, ta taru a gonaki, ta bi shinkafa. Sannu a hankali take kisa: tabo a fata, kaushi a tafin hannu, daga baya ciwon daji. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha.

To ga abin da mai rubutun can bai gane ba. A busasshiyar ƙasa, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ke riƙe asenik gam. Da ruwa ya kwanta, iska ta ƙare, ƙananan halittun ƙasa sai su narkar da tsatsar, gubar ta kuɓuce zuwa saiwa. Abincin halittun nan kuwa me? Ɗanyen taki da kara. Ka ga kenan wanda ya zuba su a gurɓatacciyar fadama mai kwantaccen ruwa, yana iya zama shi ya kwance wa kura igiya da hannunsa.

Abin haushin, sharar da ta fi amfani ita muke ƙonawa. Ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin silika, kuma ta ƙofa ɗaya silika da asenik suke shiga saiwa. In silika ta yi yawa, sai ta tare hanya. Ka bi ta injinan casa a Kura ko Argungu ka ga tulin ɓuntu yana hayaƙi, wallahi abin takaici ne. Ko tokarsa a mayar gona mana! Sannan barin gona ta ɗan sha iska kafin a sake ba ta ruwa yana rage gubar sosai, ga sauƙin kuɗin fetur, sai dai inda akwai wata gubar, kadmiyom, ita bushewa ke ƙara mata ƙarfi. Dole a san abin da ke ƙasar tukuna.

Kar wani ya ce na ce a daina takin gida. A lafiyayyar gona albarka ne, ni ma shi nake zubawa. Magana ake ta ƙasar da ta gurɓace. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma a wurare da dama na duniya asenik tare take fitowa da zinare. Duk fadamar da ke ƙasa da inda ake wankin zinare, a auna ƙasarta da ruwanta kafin a shuka. Muna da jami'o'i a Zariya, Kano da Sakkwato, ma'aikatun gona su biya kuɗin awon.

Wanda ya turo min rubutun, don Allah ka tura wannan ma inda ka tura wancan.